Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina Kan Buɗe Duwatsunmu Ga Masu Yawon Buɗe Ido

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina,
ta hannun Ma'aikatar Muhalli da Hukumar Tarihi da Al'adu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Mai Girma Gwamna, masu wannan takarda tsofaffin ma'aikatan gandun daji ne, da malaman ilimin ƙasa da tsirrai, da masu yi wa baƙi jagora a cikin jihar nan. Duk sa'ad da aka tayar da zancen yawon buɗe ido a duwatsu da dazuzzuka, abin da ake fara zanawa a takarda shi ne babbar ƙofa da ɗakunan kwana da wurin ajiye motoci. Roƙonmu shi ne a juya tsarin. A fara da iyakar wurin a doka, da turbar da za a bi, da mutanen da ke zaune a gindin dutsen. Gini ya zo daga baya, idan baƙi sun yi yawan da za su buƙace shi.

Ba mu da tsauni irin Chappal Waddi na gandun Gashaka-Gumti, wanda ya kai mita 2,419. Namu duwatsu ne da suka tsuro daga fili, daga Dutsin-Ma zuwa Safana da Ruma, har Faskari da Funtuwa, galibinsu ana hawa a sauka cikin awa ɗaya ko biyu. Wannan riba ce, domin ɗalibi da dattijo duk za su iya. Kuma da yake garma ba ta hawa dutse, abin da noma da sara suka kora daga fili can ya fake. A can ake ganin hano mai ɓawo kamar takarda, da kukkuki, da baure da ya cusa saiwa cikin tsaguwa. Wanda ya zauna shiru a kan falalen dutse da hantsin hunturu zai ga agwada sun fito shan rana a jere, ɗaya ta hau sama tana gadi, da inuwar shaho ta gitta sai ta yi ƙara ɗaya, kafin ƙiftawar ido babu ko guda. Wannan shi ne hajar da za a sayar wa baƙo, kuma ba a sayo ta a kasuwa idan ta ƙare.

Dole mu fara da tsaro, don shi ne abin da kowa zai fara tambaya. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da Kogo da ke yankin Faskari. Mun yi murna, amma amincewa a takarda daban, wurin da uba zai yarda a kai ɗansa daban. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari yana da wannan matsayi tun 1999, rashin tsaro ya raba shi da baƙi. Mutanen jihar nan kuma ba su manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a watan Disambar 2020 ba. Saboda haka kada a yi tallar Kogo, ko dajin Rugu, ko wani dutse da ke bakinsu, sai ranar da mazauna wurin suka koma gonakinsu suna kwana da ido biyu rufe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: baƙo ɗaya da aka sace zai rufe harkar nan shekaru. Dutsen da za a fara da shi ya zama ana isa gare shi ba tare da rakiyar jami'an tsaro ba, waya tana kamawa a gindinsa da ƙololuwarsa, akwai babban asibiti cikin tafiyar awa ɗaya, kuma hakimi da dagaci sun ce sun yarda. Dutse ɗaya ya isa a fara.

Sai iyaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, don haka keɓe dutse da dajin gindinsa yana cikin ikonku. Amma a zaga iyakar da ƙafa, tare da mai unguwa da sarkin noma da arɗo da shugaban mafarauta, a ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS, a kafa turakun siminti masu lamba a kowace kusurwa da kowace mita 100 zuwa 200, yadda wanda ya tsaya a kan ɗaya zai hango na gaba. Sannan a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Iyakar da aka ja a ofis bisa taswira ita ke haifar da rigima, domin takan haɗiye burtali, ko mashaya, ko maƙabartar ƙauye. Duk wanda aka toshe wa hanyar ruwan dabbobinsa zai tumɓuke turakun da dare, kuma ba zai rasa masu goyon bayansa ba. A bar burtali a buɗe, a rubuta haka cikin takardar keɓewar.

Akwai wani gurbi da ake yawan mantawa. Lasisin fasa dutse ba a hannun jiha yake ba, na tarayya ne, ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007. Idan jiha ta keɓe dutse ba ta aika lambobin iyakarsa zuwa ofishin rajistar ma'adinai na tarayya ba, wata rana sai a wayi gari wani ya zo da takardarsa da motocinsa. Nakiya kuwa ba ta san iyaka ba: girgizarta tana sassauta manyan duwatsun da ke ɗore a kan juna, tana tsaga kwarmin da ke riƙe ruwa, tsuntsayen da ke sheƙa a tsaguwa su watse. Masu fasa tsakuwa da hannu, waɗanda ke hura wuta da tsofaffin tayoyi a kan dutse don ya tsage, talakawa ne masu neman abinci. Kora kawai ba ta magance su. A ware musu wani dutse a wajen iyaka, a fara ɗaukar 'ya'yansu aikin jera matakala, don sun fi kowa sanin yadda dutse ke tsagewa.

Turba ita ce ainihin aikin, kuma a nan ne kuɗi ya fi lalacewa. Dutse ba ya shan ruwa. Ruwan sama na milimita 30 a kan hekta ɗaya ta falalen dutse lita 300,000 ne, duro 1,500 ke nan, kuma kusan dukansa gangarowa zai yi cikin ɗan lokaci. Idan aka miƙe turba sak daga gindi zuwa sama, an haƙa wa wannan ruwa hanya, damina biyu ta isa ta mai da ita kwazazzabo. Turba tana ratsa gangare ne a karkace, tana lanƙwasa. A kowace mita 10 ta tafiya hawa kada ya wuce mita 1, kuma tsayuwarta kada ta wuce rabin tsayuwar gangaren da take ratsawa, in ba haka ba ruwa zai bi ta maimakon ya tsallake ta. Faɗin mita 1 ya wadatar. Gefen waje ya fi na ciki ƙasa da kamar santimita 5 don ruwa ya zube gefe, kuma a wuraren da suka fi tsayuwa a yi ɗan kwari mai karkatar da ruwa a kowace mita 10 zuwa 15, a jera duwatsu a bakinsa don ya rage ƙarfi. Inda ba makawa sai matakala, a yi ta da dutsen wurin, tsayin kowane taki santimita 15 zuwa 18, zurfinsa 30 ko fiye, a binne aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kowane dutse. Siminti da aka shafa a kan dutse ba ya daɗewa: da rana dutsen ya ɗau zafi ya buɗe, da dare ya tsuke, simintin ya ɓamɓare. Tayil kuwa kada ma a kawo shi kusa, da ya jiƙe ya zama tarko.

A lanƙwasa mutane ke yanke hanya. Mutum biyar suka bi ta wuri guda, sabuwar turba ta fito, ruwa ya bi ta. Maganinsa a tare cikin lanƙwasar da manyan duwatsu ko ƙaya tun ranar farko, kuma a ja lanƙwasar yadda mai hawa ba zai hango ta sama daga ta ƙasa ba. A kan falalen dutse ba a buƙatar gini, ɗigon fenti fari girman tafin hannu a kowace mita 10 ya isa, sai a kauce wa baƙin zanen da ruwa ke bari, don gansakuka ce ke kwance a wurin, da raɓa ta sauka santsinta ya fi na sabulu. Madogarar ƙarfe a sa ta kawai inda faɗuwa za ta iya kisa. A huda dutsen zurfin santimita 15, a kafa ƙarfen da ba ya tsatsa, a yi masa walda a wurin, don duk abin da ake kwancewa da sifana zai ƙare a sikelin 'yan jari-bola.

Ruwan nan da ke ɓarna shi ne kuma arziƙin wurin. Ɗan gini mai tsayin santimita 20 zuwa 30 da aka ja a karkace a ƙasan falalen dutse zai tattara ruwan zuwa tanki, a sa ramin tace yashi a gabansa. Da shi za a yi alwala da ban-ɗaki da ban-ruwan dashe har cikin rani, ba sai an nemi rijiyar burtsatse a wurin da ƙasansa dutse ne ba.

Ciyawar da ke manne a kan dutse kamar tabarma, kaurin ƙasarta bai fi yatsu kaɗan ba, kuma shekaru masu yawa ta ɗauka tana taruwa. Ƙafa ta ɗaga ta, ruwan farko ya tafi da ita. Kada turba ta bi ta kanta, kada a shimfiɗa tabarma a kanta. Dajin gindin dutse kuwa masu gawayi ne babbar barazanarsa, ƙirya da marke suke fara bi. Nan ba mu ba da shawarar a zuba kuɗi a dashen dubban itatuwa da akuya za ta cinye kafin kaka ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya tun shekarun 1980: kututturen da aka sare yana da rai a ƙasa, idan ya tofo sai a zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi a bari, a sassabe sauran, a kare su daga dabba da wuta. Da haka miliyoyin hektoci suka farfaɗo a Nijar. Ya fi dashe araha nesa ba kusa ba. Da ciyawa ta fara bushewa a watan Oktoba zuwa Nuwamba, a share fili mai faɗin mita 6 kewaye da wurin don tare gobara, kafin mafarautan gafiya su fara cinna wuta.

Lokacin baƙi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, falalen dutse kuma ya fi haka ƙwarai, don haka hawa ya kasance daga bayan sallar asuba, kowa ya sauko kafin ƙarfe 10. Kowane mutum ya hau da lita 2 na ruwa a hunturu, 3 a bazara, jagora kuma ya riƙe ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Wanda ya fara jiri ko surutai marasa kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, a sauko da shi. Da azumi a taƙaita hawa. Da damina dutse ya fi kyau, kwarmi ya cika, komai ya yi kore, amma tsawa tana neman wuri mai tudu. Idan tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin bai fi kilomita 10 ba, a sauka nan take, kada a fake a bakin kogo ko a riƙe madogarar ƙarfe, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

Abin da ya fi ba masu sanin dutse tsoro ba kura ba ce, zuma ce. Tana zama a tsaguwa, kuma turare da hayaƙi da ganga da lasifika suna tayar da ita. Mutanenmu ga son turare, musamman ranar Juma'a da Sallah, don haka sai an rubuta a allo kuma jagora ya faɗa da baki. Kafin a ja turba, masu ɗibar zuma na ƙauyen su nuna duk inda take, a nisanta turbar da aƙalla mita 50, a sake dubawa kowace shekara don tana ƙaura. Idan ta taso, a rufe fuska da riga a sauka da sauri ta turba. Haɗarin ba harbin kaɗai ba ne, guje-gujen da ake yi a bakin gangare yana jefa mutum. Ma'aikacin lafiyar da ya fi kusa ya kasance yana da allurar adirenalin, don akwai wanda harbi ɗaya ke toshe wa numfashi.

Sai kububuwa, wadda ke son gindin duwatsu. Ba a hawa da silifas, ba a cusa hannu a tsaguwa. Wanda ta sara, a cire masa zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a ɗaure jijiya tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum yana zaune yana hira kamar lafiya lau, bayan sa'o'i ko kwana jini ya fara fita ta dasashi. Asibiti na gane haka da gwaji mai sauƙi: jini kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi, idan minti 20 ya cika bai daskare ba, dafi ya shiga. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta ajiye allurar da aka yi don macizan ƙasar nan, irin EchiTAb, a asibitin da ke kusa, cikin firiji mai aiki. Wasu alluran da aka yi don macizan Indiya ba sa yi wa kububuwarmu komai.

Yawan baƙi sai an yi masa ƙa'ida tun kafin su yi yawa. A gandun Volcanoes na Ruwanda mutum 8 kacal ke ziyartar kowane garken goggon biri a rana, na awa ɗaya, alhali kowannensu ya biya dala 1,500. Ba kuɗin muke nufi ba, tsayawa kan ƙa'idar muke nufi. A namu, jagora ɗaya ga manya 10, ga yaran makaranta kuwa jagora a gaba malami a baya, a bar minti 20 tsakanin ayari da ayari. Motar ɗalibai 60 da ta zo a raba su, waɗanda ke jira a nuna musu itatuwan gindi da amfaninsu. Jagororin su fito daga ƙauyen, a fifita mafarauta, don mutumin da ya san sawu da kukan kowane tsuntsu ba a koyar da shi a aji, taimakon gaggawa da lissafi kawai zai ƙara. A ɗauki mata cikinsu, domin ayarin mata da 'yan matan makaranta za su fi sakewa. Kada a ba biri abinci: ya saba, gobe ya ƙwace daga hannun yaro ya cije shi, jibi ya sauka gonakin mutane, manomi ya sa masa guba. Rubutun suna da tallar siyasa da fenti a jikin dutse a sa musu tara. Ledar ruwa kuwa a ƙirga wa kowa a ƙofa, ya dawo da adadin da ya hau da shi.

Gine-ginen farko ba su wuce rumfa, da wurin salla, da ban-ɗaki biyu na maza da na mata ba. Ramin ban-ɗakin ya nisanci rijiya ko tanki da mita 30, ya kasance a gangaren ƙasa da su, da bututun iska mai inci 4 da ya haura rufi da rabin mita, an rufe bakinsa da raga don ƙuda.

Maganar kuɗi ita ce za ta raya wurin ko ta kashe shi. Ruwanda tana mayar wa ƙauyukan da ke kewaye da gandayenta kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga. Namu kuɗin kaɗan ne, kashi 10 ba zai sayi komai ba. Shawararmu, kashi 40 ga asusun ƙauyen, 40 ga gyaran turba da alawus ɗin masu gadi, 20 ga jiha, kuɗin jagora kuma ya shiga hannunsa kai tsaye. Tikiti ya zama mai lamba, asusun ya zama sai mutum uku sun sa hannu, a liƙa lissafin kowane wata a ƙofar fadar dagaci. Idan duk kuɗin ya tafi baitulmali, gyaran matakala ɗaya sai ya jira kasafin baɗi, mai gawayi kuma ba shi da dalilin ajiye gatarinsa. Matan ƙauyen su sayar da fura da ƙuli-ƙuli da faifai da zuma a rumfar. Fatar dabba, da ɗan biri a igiya, da kan ungulu, a haramta su sarai. Ungulun da ke cika mahautanmu a da, tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Kada a tsara wurin don Bature. Baƙinmu na farko ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ne, da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da na Kwalejin Hassan Usman, da 'yan sakandare, da masu yi wa ƙasa hidima, da jama'ar da hawan Sallah da Sallar Gani ta Daura ke tarawa. Wanda ya zo ganin Gobarau da rijiyar Kusugu da Durɓi-ta-Kusheyi zai ƙara kwana ɗaya idan akwai dutsen da zai hau cikin aminci. Jami'o'in nan kuma su za su yi aikin sa ido kyauta: a kafa wurare 10 da za a riƙa ɗaukar hoto daga kusurwa ɗaya sau biyu a shekara, a auna faɗin turba da zurfinta, a ƙirga tsuntsaye da agwada da safe a rana ɗaya ta kowane wata. Turba ta ninka faɗinta, ko ƙidaya ta yi ƙasa shekara biyu a jere, a rage baƙi ko a rufe wannan ɓangaren damina guda.

Kuɗin wannan aiki bai kai na ginin masauki ɗaya ba, kuma kare gangare da farfaɗo da daji suna cikin irin ayyukan shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda jiharmu ke ciki. Muna roƙon Mai Girma Gwamna ya umarci Ma'aikatar Muhalli ta kawo sunayen duwatsu uku da suka cika sharuɗɗan tsaron da muka ambata, a zaɓi ɗaya tare da masarauta. A zaga iyakarsa da rani, a shata turbar da damina lokacin da ake ganin inda ruwa ke bi da ido, a gina ta da kaka, a bar ta ta sha damina ɗaya a gyara inda ta nuna rauni, sannan a kira ɗaliban farko a watan Nuwamba.

Allah Ya taimaki Mai Girma Gwamna, Ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam.

Daga wasu tsofaffin ma'aikatan gandun daji, malamai da jagororin baƙi,
Katsina.